Wa Ke Bai wa Mutum Mutuntaka? Sharhi a Kan Littafin Tom Kitwood Game da Kula da Masu Gigin Tsufa

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan littafin Dementia Reconsidered na Tom Kitwood, wanda aka buga a Ingila a shekarar 1997, littafin da ya zama ginshiƙin tsarin jinyar da ke gabatar da mai gigin tsufa a kan cutarsa. An auna littafin da ma'aunin Alƙur'ani da Sunna da usulul fiƙhi. Maƙalar ta tabbatar da cewa marubucin ya dace ƙwarai wajen bayyana hanyoyin da ake cin mutuncin mai wannan lalura, amma tushen da ya ɗora mutuntaka a kai yana da rauni, domin ya mai da ita kyautar da jama'a ke bayarwa. Shari'a ta ɗora ta a kan karramawar Allah da zimma, waɗanda gushewar hankali ba ta kawar da su. Duk da haka, littafin ya tona giɓin da ke tsakanin abin da littattafanmu suka tabbatar da abin da ke gudana a gidajenmu.

1.0 Gabatarwa

Gigin tsufa shi ne sunan da Bahaushe ya bai wa halin da tsoho ke shiga idan ya fara manta sunayen 'ya'yansa, yana maimaita tambaya ɗaya sau goma, ko ya fita ƙofar gida ya kasa gane hanyar dawowa. Larabawa na kiransa harafu. Likitoci sun nuna cewa cututtuka ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma mafi yawansu, wato kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, cutar da ake jingina wa likitan Jamus Alois Alzheimer ce, wanda ya fara siffanta ta a shekarar 1906. Ba kowane tsoho ke kamuwa da ita ba, takan kuma kama wanda bai kai shekara 65 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da wannan lalura, fiye da kashi 60 cikin ɗari daga cikinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaitan ƙarfi suke.

Tun kafin likitoci, Alƙur'ani ya ambaci wannan mataki na rayuwa. A aya ta 70 ta Suratun Nahli da aya ta 5 ta Suratul Hajji an kira shi arzalul umuri, wato mafi ƙasƙancin shekaru, inda sani ke gushe wa mutum bayan ya taɓa sani. Buhari ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, yana neman tsari daga a mayar da shi wannan mataki. Saboda haka batun ba baƙo ba ne ga ɗalibin addini. Abin da ya yi ƙaranci a wurinmu shi ne rubutun da ya zauna ya duba yadda za a yi mu'amala da irin wannan tsoho daga safiya zuwa dare. Littafin Kitwood ya yi wannan aiki a cikin al'adarsa, kuma tasirinsa ya kai ga manhajojin horar da ma'aikatan jinya a ƙasashe da dama. Ya cancanci a karanta shi da idon basira, a karɓi gaskiyar da ke cikinsa, a kuma nuna inda ya gaza.

2.0 Marubucin da Littafinsa

An haifi Tom Kitwood a Ingila a shekarar 1937. Ya karanci kimiyya a Jami'ar Cambridge, ya zama limamin cocin Ingila, ya koyar a wata makarantar sakandare a Yuganda, sa'an nan ya ajiye limancin ya koma nazarin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Bradford. A can ya kafa ƙungiyar nazarin gigin tsufa a shekarar 1992. Ya rasu a 1998, shekara guda bayan fitowar littafin. Wannan tarihi yana da amfani ga mai sharhi, domin mai karatu zai riƙa jin amon tarbiyyar coci a cikin babobin littafin, alhali marubucin ya riga ya ajiye aƙidar da ke riƙe da ita.

Littafin ƙarami ne, babi tara. Ya fito a zamanin da asibitocin Birtaniya ke kallon mai gigin tsufa a matsayin ƙwaƙwalwar da ta lalace, wadda ba ta buƙatar komai sai wanka da abinci da maganin sa barci. Kitwood ya yi jayayya da wannan fahimta. A ganinsa halin da mutum ke ciki haɗuwar abubuwa biyar ne: lalacewar ƙwaƙwalwa, lafiyar jikinsa, tarihin rayuwarsa, ɗabi'arsa, da kuma yadda mutanen da ke kewaye da shi suke bi da shi. Na farko ba ya hannun mai jinya, amma na biyar yana hannunsa kacokan. Kusan dukkan littafin a kan wannan na biyar ya tsaya.

Ya ƙidaya ɗabi'u goma sha bakwai da ya kira muguwar mu'amala, ya jaddada cewa mafi yawan masu aikata su ba da mugun nufi suke yi ba, gado ne da suka taras. Daga cikinsu akwai yaudarar mai lalurar, da ƙwace masa aikin da har yanzu yana iya yi, da mayar da shi yaro, da yi masa gaggawa, da ƙaryata abin da yake ji a ransa, da yin magana a kansa yana zaune kamar ba ya nan, da zarginsa a kan abin da ya fi ƙarfinsa, da yi masa ba'a. Ya kuma ambaci buƙatu biyar da suka kewaye ƙauna: natsuwa, shaƙuwa da wani, zama cikin jama'a, samun abin yi, da sanin ko shi wane ne. A ƙarshe ya ƙirƙiro wata hanyar awo, inda mai lura zai zauna na sa'o'i a gidan kula da tsofaffi yana rubuta halin da kowane tsoho ke ciki duk bayan minti biyar.

3.0 Inda Marubucin Ya Dace

Mafi ƙarfin babobin littafin shi ne na uku, inda aka jera muguwar mu'amala. Ƙarfinsa yana cikin kaifin lura. Kitwood ya ga cewa tsohuwar da ta bugi mai yi mata wanka sau da yawa ba cutar ce ta sa ta duka ba. An tuɓe ta ne ba tare da sallama ko bayani ba, ta kare kanta kamar yadda kowace mace mai kunya za ta yi. Tsohon da ke yawo cikin dare yana taɓa ƙofofi mai yiwuwa makewayi yake nema, ko kuwa jikinsa ne ya tuna lokacin da ya saba fita aiki. Da zarar an ɗauki ɗabi'ar a matsayin saƙo, tambayar mai jinya ta sauya daga yadda zai dakatar da ita zuwa abin da take nufi.

Musulmi zai gane wannan tafarki nan take. Muslim ya ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, labarin wata mace mai ɗan taɓi a hankalinta da ta gaya wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, cewa tana da buƙata a wurinsa. Ya kira ta da alkunyarta, ya ba ta zaɓin hanyar da take so su tsaya, ya kuma tsaya tare da ita har ta gama abin da ya kawo ta. A cikin wannan ɗan gajeren labari akwai kiran mutum da sunan girmamawa, da bar masa zaɓi, da tafiya daidai da saurinsa. Waɗannan su ne kishiyoyin uku daga cikin ɗabi'un da Kitwood ya hana.

Haka nan aya ta 23 da ta 24 a Suratul Isra'i. Ayar ta keɓe lokacin tsufan iyaye da ambato, ta siffanta su suna wurin ɗansu, ta hana mafi ƙanƙantar kalmar ƙosawa, ta hana tsawa, ta yi umarni da magana mai karamci da ƙanƙan da kai na jinƙai. Mai tsaki ba ya yi wa tsohon da ke cikin hayyacinsa yana ba shi shawara mai amfani. Wanda ake yi wa tsaki shi ne wanda ya tambayi abu ɗaya sau goma, ko ya ɓata shimfiɗa. Ayar ba ta kuma shar'anta cewa sai iyayen sun gane ɗan ko sun gode masa ba. A wannan fage jerin Kitwood yana iya zama wa ɗalibi tamkar misalai masu fayyace abin da hanin ayar ya ƙunsa a aikace.

4.0 Tushen da Aka Ɗora Ginin a Kai

Matsalar littafin tana babi na farko. Abokin jayayyar Kitwood a nan shi ne wani tsohon ra'ayi a falsafar Turai, wanda ake dangantawa da John Locke, cewa abin da ke sa mutum ya zama mutum shi ne tunani da sanin kai da iya tuna abin da ya gabata. Idan aka bi wannan ra'ayi har ƙarshensa, wanda ya manta kansa ya fita daga sahun mutane, sauran jiki kawai. Kitwood ya ƙi wannan, kuma ya yi daidai. Ya ambaci cewa addinai suna ganin rayuwa abu ce mai alfarma, ya ambaci ra'ayin masana ɗa'a, sa'an nan ya zaɓi ma'anarsa daga fagen zamantakewa, yana mai dogaro da tunanin Martin Buber a kan dangantakar mutum da mutum. A ma'anar tasa, mutuntaka matsayi ne da wasu mutane ke bai wa wani a cikin hulɗa, kuma ta ƙunshi amincewa da shi da girmama shi da yarda da shi.

Abin da mutane suka bayar suna iya karɓewa. Idan mutuntaka kyautar jama'a ce, mene ne matsayin tsohuwar da 'ya'yanta suka guje ta, ba mai kiran sunanta? Bisa lafazin ma'anar, babu wanda ya ba ta matsayin, don haka ba ta da shi. Kitwood ba zai yarda da wannan sakamako ba, duk littafinsa ma yaƙi ne da shi, amma ma'anarsa ba ta da abin da za ta tsare shi da shi. Akwai tambaya ta biyu da ta fi wannan nauyi: me ya wajabta wa jama'a su bayar da matsayin tun farko? Dole akwai wani abu a tare da tsohuwar, wanda ya riga kyautar, wanda shi ya sa hana ta kyautar ya zama zalunci. Ya kuɓutar da mutuntaka daga hannun ƙwaƙwalwa, ya damƙa ta a hannun maƙwabta. Malamin tauhidin Kirista John Swinton na Jami'ar Aberdeen ya yi masa irin wannan gyara a littafinsa na 2012, ta fuskar addininsa, kuma adalci ne a ambace shi.

Harshen Hausa yana da kalmomi biyu da ke warware wannan ruɗani. Akwai mutunci, wanda ake ci, ake zubarwa, ake karewa. Yana hannun jama'a. Akwai mutuntaka, wadda ba a cewa an ci ta. Abin da Kitwood ya siffanta da gwaninta shi ne mutunci, sai ya ba shi sunan mutuntaka. Da ya bambance su, da jerin ɗabi'unsa goma sha bakwai ya ƙara ƙarfi, domin cin mutunci yana zama laifi ne saboda akwai mutuntakar da aka keta.

Shari'a ta yi wannan bambanci da daɗewa. Aya ta 70 ta Suratul Isra'i ta jingina karrama 'yan Adam ga Allah Maɗaukaki, ba ta kuma keɓe masu hankali daga cikinsu ba. Malaman usuli, musamman Hanafiyya irin su Bazdawi, wanda ya rasu a shekara ta 482 bayan hijira, sun kasa cancantar mutum gida biyu. Ta farko ita ce ahliyyatul wujubi, wato cancantar mutum ya kasance yana da hakki kuma ana binsa hakki. Tushenta zimma ce, kuma zimma tana tare da mutum saboda kasancewarsa ɗan'adam mai rai. Ta biyu ita ce ahliyyatul ada'i, wato cancantar ayyukansa da maganganunsa su zama abin lura a shari'a, kuma tushenta hankali ne da rarrabewa. Sa'an nan suka lissafa abubuwan da ke bijiro wa cancanta, cikinsu har da hauka da atahu, wato raunin hankalin da ke sa maganar mutum ta cakuɗe, wani sashe kamar na masu hankali, wani kamar na mahaukata. Waɗannan masu bijirowa suna taɓa cancanta ta biyu, ba sa kusantar ta farko.

Sakamakon wannan a fiƙihu bayyananne ne. Hadisin ɗauke alƙalami daga mutum uku, wanda Abu Dawuda da wasu suka ruwaito, ya sauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin taklifi. Amma dukiyarsa tasa ce, aurensa yana nan, yana gado ana gadonsa, jininsa haramun ne. A wurin Malik da Shafi'i da Ahmad ma zakka na wajaba a dukiyarsa, waliyyinsa ya fitar. Hajrun da alƙali ke yi masa don maslaharsa ne, waliyyi kuma amintacce ne da za a tambaya. Wato shari'a ta sauke abin da ke kansa, ta bar abin da yake nasa. Babu wani ɗa ko ma'aikacin jinya da ya ba shi wannan matsayi, don haka babu mai iya karɓe shi.

Game da mantuwa kuwa, Musulunci bai taɓa ɗora kasancewar mutum a kan tunawarsa ba. Alƙawarin da aka ambata a aya ta 172 ta Suratul A'arafi babu ɗayanmu da ke tuna ranar da aka ɗauke shi. Aya ta 6 ta Suratul Mujadala ta nuna cewa Allah Ya kiyaye ayyukan da masu su suka manta. Ɗabari, a tafsirin Suratut Tini, ya rinjayar da cewa mayarwa zuwa mafi ƙasƙanci na nufin gigin tsufa, kuma togaciyar da aka yi wa muminai na nufin ladan abin da suka saba aikatawa ba ya yankewa. Ibnu Kasir ya kawo wannan ra'ayi amma ya rinjayar da wani. Ko an bar wannan saɓani, hadisin Abu Musa a Buhari, cewa ana rubuta wa mara lafiya da matafiyi kwatankwacin abin da yake yi yana lafiya yana gida, ya isa abin dogaro. Tsohon da ya manta Fatiha bai fita daga littafin masu salla ba.

5.0 Gaskiya da Ƙarya a Gaban Mai Mantuwa

Kitwood ya sa yaudara a farkon jerinsa, kuma a nan ne mai jinya ke haɗuwa da tambaya mafi wuya. A ɗauka wata gyatuma ce da mijinta ya rasu shekara goma da suka wuce, kullum da la'asar sai ta tambayi 'yarta ko Malam ya dawo. Idan aka ce mata ya rasu, za ta karɓi labarin kamar yau aka yi mutuwar, ta yi kuka, ta manta, gobe a sake. Idan aka ce mata yana kasuwa, an yi ƙarya. Littafin ya ba da shawarar a amsa abin da ke cikin zuciyar mai tambaya, wato kewa ko tsoro, amma bai fayyace iyakar da ke tsakanin wannan da yaudara ba.

Fiƙihu yana da matakai a nan da suka fi na littafin dalla-dalla. Asali ƙarya haramun ce, kuma raunin hankalin wanda ake yi wa ita ba ya halatta ta. Sai dai akwai tauriyya, wato faɗin magana ta gaskiya wadda mai sauraro zai fahimce ta ta wata fuska. Buhari da Muslim sun kawo labarin Ummu Sulaim, wadda ɗanta ya rasu, mijinta Abu Ɗalha ya dawo ya tambayi jikin yaron, ta amsa masa da cewa ya samu natsuwa fiye da da, ta jinkirta labarin zuwa lokacin da ya dace. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi musu addu'ar albarka. 'Yar gyatumar nan tana da fili mai faɗi kafin ta kai ga ƙarya. Tana iya cewa: "Inna, kin tuna da Baba ke nan? Wace miya ce ma ya fi so?" Tana iya cewa: "Mu yi masa addu'a, Inna." Sau da yawa abin da uwar ke nema shi ne a yi hirar mijinta. Ma'aunin da ke raba wannan da yaudarar da Kitwood ya hana shi ne maslahar wa ake nema. Tauriyyar da ke kawar wa uwa baƙin ciki daban take da dabarar da ake yi don ta sa hannu a takardar sayar da gida.

6.0 Hujjar Bincike da Nauyin Mai Jinya

Kitwood ya yi fatan cewa kyakkyawar kulawa na iya dakatar da taɓarɓarewa, har ma ta dawo da wani abu na abin da ya ɓace. Hujjojinsa a kan wannan labaran ɗaiɗaikun mutane ne. Binciken da ya biyo baya ya goyi bayan wani sashe na da'awarsa. A wani gwaji da aka buga a 2006, wanda aka yi a gidajen kula da tsofaffi 12 a Ingila, horar da ma'aikata a kan wannan tafarki ya sa masu shan magungunan kwantar da taɓin hankali suka zama kashi 23 cikin ɗari, alhali a gidajen da ba a yi horon ba kashi 42 ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin rahoton da Sube Banerjee ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya a 2009 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan magunguna na jawo ƙarin mutuwar mutum 1,800 a shekara. Amma babban gwajin da aka yi wa hanyar awon Kitwood a gidaje 50, wanda aka buga a 2020, bai ga ta rage firgici da tashin hankalin tsofaffin ba, kuma gidaje da yawa sun kasa aiwatar da ita yadda aka tsara. Tafarkin yana kyautata rayuwa, amma cutar na ci gaba da tafiyarta.

Wuce gona da iri a wannan fata yana da illa ga iyali. Ɗan da ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ga mahaifinsa na ƙara nisa, zai iya zargin kansa da cewa ƙaunarsa ce ta gaza. A Musulunci an ɗora wa mai jinya kyautatawa gwargwadon iko, ba a ɗora masa sakamako ba, kuma ladansa bai rataya ga samun sauƙin majinyacin ba.

Littafin ya kuma fi fuskantar ma'aikacin da ake biya albashi, wanda ke tashi daga aiki ya tafi gida. A ƙasar Hausa mai jinyar tsoho 'yarsa ce, ko matarsa, ko matar ɗansa, kuma ba ta da lokacin tashi. A nan ma fiƙihu yana da abin faɗa da ba a cika faɗa ba. Ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan 'ya'ya masu hali, kuma Muhtasar na Halil ya haɗa da ciyar da mai yi musu hidima. Wajibin yana kan 'ya'yan. Matar ɗa da ta ɗauki wannan aiki kyautatawa take yi, ta cancanci godiya da hutu da taimako. Mace ɗaya da aka bar wa jinyar dare da rana, 'yan'uwa maza suna leƙowa ranar Juma'a, ita ce za ta fara tsaki, kuma alhakin tsakin ba nata ba ne ita kaɗai.

7.0 Abin da Littafin Ke Tuhumarmu da Shi

Bayan an nuna cewa tushenmu ya fi ƙarfi, gaskiya ta wajabta a ƙara da cewa ƙarfin tushe ba ya amfanar tsohon da ake kulle wa ɗaki. A gidajenmu ana cewa tsufa ya mayar da wane yaro, sai a bi shi da mu'amalar yara: a yi masa tsawa, jikoki su tsokane shi a yi dariya. Gaskiya ne malaman usuli sun kwatanta ma'atuhi da yaro mai wayo, amma kwatancin a kan hukuncin cinikinsa da ibadarsa ne. Matsayinsa na uba da hakkin biyayyar da ke kan 'ya'yansa ba su ragu da komai ba. Mafi muni shi ne tsohuwar da ruɗewa ta sa ta yawon dare ko sambatu, a ce mayya ce. Wannan ƙazafi ne a kan mara lafiya, kuma limamai da masu wa'azi ne suka fi cancantar su kashe shi daga kan mumbari.

Magabata sun bar mana misali daga cikin gidan ilimi. Malaman hadisi sun san gigin tsufa a cikin manyansu, suka kira shi ihtilaɗi, Ibnus Salah ya ware masa babi a littafinsa na ilimin hadisi. Hukuncinsu shi ne a karɓi abin da amintacce ya ruwaito kafin ruɗewa, a dakatar da na bayanta. Ba su soke amincinsa na shekara hamsin saboda shekarunsa na ƙarshe ba. Abdurrahman ɗan Mahdi ya ba da labarin Jarir ɗan Hazim, malamin Basra, cewa da 'ya'yansa, waɗanda su ma ma'abota hadisi ne, suka lura ya fara ruɗewa, sai suka tsare shi daga masu neman ruwaya, babu wanda ya ji komai daga gare shi a wannan hali. Sun kare hadisi, sun kuma kare sunan mahaifinsu. Kitwood zai yi gargaɗi a nan, kuma gargaɗin na da amfani: a tsare tsoho daga abin da zai kunyata shi, kada a tsare shi daga mutane. Malamin da ya daina ba da fatawa yana iya zama a zaurensa almajirai su gaishe shi, a ja masa baƙin da ya saba ji. Wanda ya saba jam'i a riƙa kai shi masallaci muddin yana samun natsuwa a can, ko da ya kasa ƙidaya raka'o'i. A lokutan da hankalinsa ya dawo a tuna masa salla da taushi, idan ya gushe a ƙyale shi, kada a tsananta masa a kan abin da Allah Ya sauke masa.

8.0 Kammalawa

Littafin Kitwood ya cancanci karatu a sassan nazarin addinin Musulunci, musamman babi na uku da na biyar, domin ya koyar da kallon da mafi yawanmu ba mu saba yi ba. Ma'anarsa ta mutuntaka ba abar karɓa ba ce yadda take. A madadinta muna da karramawar Allah da zimma da rarrabewar malaman usuli tsakanin cancanta biyu. Fatansa na juyar da cutar a ɗauke shi da taka-tsantsan. Aikin da ya rage a kan malamanmu shi ne su tattara hukunce-hukuncen mai gigin tsufa da suke warwatse a babin tsarki da salla da azumi da hajru da ciyarwa, su haɗa su da ladubban mu'amala ta yau da kullum, su rubuta su da Hausa tare da shawarar likitoci, domin matar da ke jinyar surukarta a cikin gida ta samu abin da za ta dogara da shi. Allah ne Mafi sani.